Tsanyawa/Ghari: Mazaɓar da Zaɓenta Ya Ci Fiye da Shekara Biyu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Tsanyawa ne mazaunin Legas. Me ya sa mu da Ghari muke da ɗan majalisar jiha ɗaya, alhali Bichi da Dambatta kowacce da nata? Sannan yaya aka yi zaɓen 2023 bai ƙare ba sai 2025?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta farko amsarta tana cikin lissafi. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar dokokin jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar take da su a majalisar wakilai ta tarayya, amma kada su gaza 24, kada kuma su haura 40. Kano tana da kujera 24 a majalisar wakilai. Ko ninki uku aka yi, 72 ke nan, sai waccan ƙa'idar ta 40 ta tare hanya. To ga ƙananan hukumomi 44, ga kujera 40, dole wasu su yi tarayya. Takwas aka haɗa biyu-biyu: Kura da Garun Malam, Rimin Gado da Tofa, Bagwai da Shanono, sai ku Tsanyawa da Kunchi, wadda gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sauya wa suna zuwa Ghari.

Akwai abin da ba kowa ke lura da shi ba. Mazaɓarku ta majalisar tarayya ita ma Tsanyawa da Kunchi ce. Wato ɗan majalisarku na Kano da na Abuja mutane ɗaya suke wakilta, ƙasa ɗaya, rumfuna ɗaya. Haka abin yake a Bagwai/Shanono. Wannan shatar iyaka tun ta 1996 ce, zamanin soja, kuma duk da kundin ya ɗora wa hukumar zaɓe alhakin sake duba iyakokin mazaɓu, har yau ba a yi wani gagarumin gyara ba. Ko an yi ma, muddin 40 ɗin nan tana nan, ba za a raba ku ba sai an haɗe wasu.

Game da tarihin zaɓe, ka san yadda Kano take juyawa: PDP a 1999, ANPP a 2003 da 2007, PDP a 2011, APC a 2015 da 2019, sai NNPP a 2023. Yawanci kujerun majalisar jiha guguwar ɗan takarar gwamna suke bi, domin rana ɗaya ake kaɗa ƙuri'un biyu. Sai dai Kano ta Arewa, inda kuke, ta tsaya wa APC fiye da sauran shiyyoyi a 2023. Ita kaɗai ce ta ba jam'iyyar sanata, wato Barau Jibrin. Shi ya sa kujerarku ta zama abin ja-in-ja: jam'iyyar da ta karɓi gidan gwamnati tana sonta, wadda ta fi ƙarfi a yankin kuma ba ta shirya sakinta ba.

Sunan da ya fi fitowa a kujerar a 'yan shekarun nan shi ne Garba Ya'u Gwarmai na APC. Yana cikin 'yan majalisa biyar da aka dakatar na wata shida a watan Maris na 2020, bayan hatsaniyar da ta tashi a zauren majalisar kan binciken Sarki Muhammadu Sanusi II. Daga baya kotu ta soke dakatarwar. A zaɓen 18 ga Maris, 2023, ya kara da Yusuf Ali Maigado na NNPP, kuma maganar ta tafi kotu.

Nan ne ya kamata ka fahimci yadda agogon shari'ar zaɓe yake. Wanda bai gamsu ba yana da kwana 21 ya shigar da ƙara. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Shari'ar ɗan majalisar jiha a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa, ba ta zuwa Kotun Ƙoli kamar ta gwamna. Saboda haka ɓangaren alƙalai bai ja lokaci fiye da ƙima ba. Hukuncin da ya fito shi ne a sake zaɓe a wasu rumfuna ƙalilan, ba a mazaɓar gaba ɗaya ba.

Mutane suna cakuɗa wannan da zaɓen cike gurbi, alhali ba ɗaya ba ne. Cike gurbi sai kujera ta zama babu kowa saboda rasuwa ko murabus, jam'iyyu su sake fidda gwani, a fara daga farko. Irinsa aka yi wa maƙwabtanku na Bagwai/Shanono bayan rasuwar ɗan majalisarsu, Halilu Ibrahim Kundila, a 2024. Naku kuwa 'yan takarar nan ne dai na 2023, ƙuri'un sauran rumfuna suna nan a ajiye, abin da aka samu a rumfunan da aka soke za a ɗora a kai. Kuma a nan haɗarin yake. Idan kowa ya san rumfuna kaɗan ne za su raba gardama, to duk kuɗi, duk manya, duk 'yan daba, can za su tare.

Abin da ya faru ke nan ranar 3 ga Fabrairu, 2024. INEC ta fito da kayan zaɓe, rikici ya ɓarke, hukumar ta dakatar da zaɓen, kamar yadda ta yi a wata mazaɓa a Inugu da wata a Akwa Ibom a wannan rana. Daga nan sai shiru. Ba a koma ba sai 16 ga Agusta, 2025, lokacin da aka haɗa shi da zaɓukan cike gurbi na jihohi da dama. Ko a ranar, 'yan sanda sun ce sun kama fiye da mutum 200 da ake zargi da daba a Kano. INEC ta bayyana Gwarmai a matsayin wanda ya yi nasara, NNPP ta yi watsi da sakamakon. A Bagwai/Shanono kuma ɗan takarar NNPP, Ali Hassan Kiyawa, shi ya ci.

A ganina laifin farko na jam'iyyun ne da suka mayar da rumfunan zaɓe fagen daga. Amma wata 18 tsakanin dakatarwa da komawa, wannan na INEC ne, kuma ban ga uzurin da zai wanke ta ba. Zaɓen rumfuna kaɗan bai buƙaci a jira sai an tara na ƙasa baki ɗaya. A tsawon lokacin nan an yi kasafin kuɗin jiha, an zartar da dokoki, ciki har da ta masarautu a watan Mayu na 2024, ba tare da muryar ƙananan hukumomi biyu ba.

Kada kuma ka yi zaton za a rama muku. Sashe na 105 ya ce wa'adin shekara huɗu na majalisar ne gaba ɗayanta, daga ranar zamanta na farko, ba na kowane ɗan majalisa ba. Wannan majalisa ta fara zama a watan Yunin 2023, don haka wanda aka rantsar bayan zaɓen Agustan 2025 zai sauka tare da kowa a 2027, da ƙasa da shekara biyu a kan kujera.