Turawa sun gama tone tarihinmu, ko da saura?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, na gama digirin farko a fannin binciken kufai da kayan tarihi, ina son komawa digiri na biyu amma raina a jagule yake. Gani nake Turawa sun gama komai, manyan wuraren tono irin su Nok da Daima da Igbo-Ukwu duk an rubuce su. Ga kuma kawuna mai sayar da albasa a Mile 12, wani ya kawo masa kan mutum-mutumin yumɓu daga gida, an ce zai yi miliyoyi. Shi ne kawu ya ce in bar wahalar boko in zo in riƙa tantance musu irin wannan kaya. Akwai sauran abin bincike kuwa, ko ɓata shekaruna zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, ba a ma fara ba balle a gama. Ɗauko taswirar Najeriya ka ɗiga biro a duk inda aka yi tono na ƙa'ida har aka auna shekarun gawayinsa. Za ka ga ɗigo-ɗigo a bakin Tafkin Chadi, wasu tsakanin kudancin Kaduna da Abuja, wasu a Ife da Benin da Nsukka. Sauran takardar kusan fari fat. Kuma manyan wuraren da ka lissafa, yawancinsu sa'a ce ta tono su. Masu haƙar kuza ne suka ci karo da mutum-mutumin yumɓu na Nok a 1928. Igbo-Ukwu mutum ne yake haƙa ramin tara ruwa a bayan gidansa. Kwalekwalen Dufuna a Yobe, mai shekara wajen 8,000, wani makiyayi ne ya same shi a 1987 yana haƙa rijiya don dabbobinsa.

Giɓin da ya fi damuna na ƙasarmu ta Hausa ne. Mun san ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Kafin nan fa? Su wa suka zana shanun da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, kuma yaushe? Gatarin aradu da manoma ke tsinta a gona, wanda kai ka san hannun mutum ne ya wasa shi, yana ƙarewa a jakar boka, ba wanda ya rubuta inda aka tsince shi. Mu kuma muna fara labarinmu daga Bayajidda kamar ya tarar da ƙasa ba kowa sai maciji. Tsakanin Dufuna da mutanen Gajiganna, da suka zauna a Borno shekara 3,800 da suka wuce, akwai dubban shekaru da abin da muka sani a kansu bai cika shafi biyu ba. Ƙoƙon kan mutum da masanin kufai Thurstan Shaw ya tono a Iwo Eleru kusa da Akure a 1965, mai shekara wajen 13,000, har yau shi kaɗai ne ba ɗan'uwa.

Ko nan Legas ba sai ka hau mota zuwa Arewa ba. Ganuwar Eredo, mai tsawon kilomita wajen 160, ta zagayo daga ƙasar Ijebu har kusa da Epe, kuma ba a gama sanin irin zaman da aka yi a cikinta ba. Gaɓar Lekki kuwa kullum tifa na juye mata yashi, katafila na kankare ta. Lokacin da za a gina madatsar Kainji a shekarun 1960 an tura masu bincike sun ceci abin da za su iya kafin ruwa ya rufe. Yau a Legas wa yake leƙa ramin harsashin gini kafin a zuba kankare? Masu diga da shebur ɗin ma da yawansu yaranmu ne, su ke ganin tsingaro da idonsu suna watsarwa.

To, mu zo kan kawu, don nan ne gizo ke saƙar. Babu satin da zai wuce ban haɗu da wannan tunanin ba, cewa daraja tana jikin kayan. Ba ta nan. Tana cikin ramin. Kwanaki wani bawan Allah ya same ni da jakar Ghana-must-go, ya zaro kan mutum-mutumin yumɓu naɗe cikin tsohon zani. Ya wanke shi tas da omo da soson ƙarfe, wai don ya yi kyau. Na ce daga ina? Ya ce can wajen Kaduna. Wane ƙauye? Bai sani ba, hannu na huɗu ne shi. Zurfin nawa? Me ke kusa da shi, tukunya ko dutsen niƙa ko gawayi? Sai ya yi dariya ya ce, Malam, ni farashi na zo tambaya. Na riƙe kan nan a hannuna, ga idanun nan masu kusurwa uku da huda a tsakiya, ga kitso kamar jiya aka yi, amma ya zama bebe. Ba zai ƙara gaya wa kowa komai ba har abada.

Dubi bambanci. Masu bincike na Jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a yankin Nok a 2005 tare da abokan aikinsu na gida, ba kawuna ne suka ba su babban labari ba. Ƙwayar gero ce da ta ƙone, wadda sai an jiƙa ƙasa a bokiti an tace da rariya ake ganinta. Da ita aka gane al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tun kafin mutum-mutumin da ƙarfen. Daga maiƙon da ya shige jikin tsingaro aka gano suna cin zuma. Ƙasar wurin tana da tsami, ta cinye ƙasusuwa, saboda haka ɗan abin da ya rage shi ne gawayin nan da tsingaron nan, su ne kuma mai haƙar sata yake fara watsarwa da shebur don ya kai ga kan mutum-mutumin. Ko su Jamusawan, yawancin wuraren da suka je sun tarar an riga su.

Na taɓa tsayawa a kan wani tudu da aka yi wa haka. Rami kusa da rami, kamar saƙar zuma, ga ledojin ruwa, ga hannaye da ƙafafun yumɓu a zube saboda dillali ya ce kai kaɗai yake saye. Wasu ma da gangan ake fasa su, domin wani boka ya ce akwai zinare a ciki, aljani ke gadi. Holoƙo ne, jama'a! Kamar tukunya aka gina su, ba komai a ciki sai ƙasa. Abin da aka yi wa Kwatarkwashi a Zamfara ke nan. Mutum-mutumin da ake kira na Sakkwato da na Katsina sun cika kundayen gwanjo a Turai, amma kusan babu wanda masani ya gani a kwance a inda masu shi suka bar shi. Al'umma guda, mai yiwuwa kakanninmu, mun sayar da ita ba mu ko san sunanta ba. Shi ya sa tun 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta saka su tare da na Nok a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Miliyoyin ma zancen banza ne. Mai haƙa kuɗin cefane yake samu, in rami bai rufta da shi ba. Kasuwar kuma cike take da jabu: a niƙa tsohon tsingaro a kwaɓa, a liƙa sabon kai a tsohon wuya, a shafa jar ƙasa. Sannan dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono da ciniki da fitar da irin wannan kaya ba izini. Kai da za ka tantance, sunanka ne zai hau takarda.

Ban ce hanyar ƙa'ida daɗi gare ta ba. Na taɓa bin takarda ɗaya a wani ofis har damina ta shigo, kuɗin aikin ya tafi a banza, alhali ɓarawo ba ya jiran sa hannun kowa. Gawayinmu ma yawanci sai an tura waje a biya da dala. Don haka ka zaɓi aikin da aljihunka zai ɗauka: ƙaramar hukuma ɗaya, ka taka ta da ƙafa, ka rubuta kowane kufai da juji da kashin tama, ka zauna da tsofaffi. Ko ka nemi izini ka buɗe akwatunan tsingaron da aka tono tun shekarun 1960 ba a gama nazarinsu ba. Zariya da Ibadan da Nsukka da Jos duk suna da malaman da za su duba ka.

Shi kuwa kawu, ka je masa da ladabi, ka bari sai kasuwa ta lafa bayan la'asar. Kada a wanke kan, kada a kankare ƙasar jikinsa. Ka lallaɓa ka samo sunan ƙauyen daga bakin wanda ya kawo shi tun bai ɓace ba, ka rubuta, sannan ku ɗauke shi tare ku kai gidan tarihi na Onikan a nan Legas.