Ƙaddara ce ta karya ni ko sakacina?

Ɗan'uwa, ka ce kai da abokinka kun fara kasuwanci lokaci ɗaya a Kantin Kwari, yau shi yana da shago biyu, kai kuma jarinka ya karye, kana tambaya ko duniya ta yi maka adalci.

Gaskiya ba daga wuri ɗaya kowa ke tashi ba. Wani mahaifinsa ne ya buɗe masa shago, wani sai ya yi shekaru yana yaron shago kafin maigida ya sallame shi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ta tambayi wanda ya fi ƙwazo ba, cire tallafin mai a 2023 ma bai zaɓi malalata kaɗai ba. Irin wannan ba laifinka ba ne.

Amma ka zauna da littafin bashinka tukuna. Ni ma na taɓa karyewa, na yi ta rantsuwa sammu aka yi mini. Ranar da yayana ya buɗe littafin, sai ga atamfa turmi goma sha biyu da na ba dangi bashi lokacin wani biki, babu wanda ya biya, ni kuma kunya ta hana ni bi. Ga kuɗin cefane da nake zara daga cikin ciniki kullum da yamma, ko sau ɗaya ban rubuta ba. Ashe ni ne bokan kaina.

Abokin nan naka, ka same shi bayan La'asar in kasuwa ta lafa, ka tambaye shi yadda yake raba riba da uwar kuɗi. Ka tafi da littafinka, ko da bangonsa ya yage.