Me ya sa masoyan Metallica ke kushe kundin St. Anger?

Tambaya: Na fara sauraron ƙungiyar Metallica ta Amurka, sai na ga masoyanta suna yawan kushe kundinta na St. Anger, amma kuma suna cika filin wasa duk lokacin da ta fito. Mene ne dalili?

Amsa: Ƙorafin nasu yana da tushe, kuma mafi yawansa a kan sauti yake. A wannan kundi da ya fito a 2003, makaɗin ganga Lars Ulrich ya sassauta wayoyin ƙarfen da ke manne a ƙarƙashin ƙaramar gangarsa, waɗanda su ke ba ta kaifin amo, sai bugun ya koma tamkar ana dukan garwa, tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Ga wanda ya saba da kundinsu Master of Puppets na 1986, abin da ya fi ciwo shi ne makaɗin jita Kirk Hammett bai samu ko wuri ɗaya da zai saki jitarsa ita kaɗai a tsakiyar waƙa ba, alhali wannan ne abin da masu sauraro ke jira.

Sai dai a ganina ba a yi wa kundin adalci idan aka manta halin da aka yi shi. Makaɗin jitar bas Jason Newsted ya bar ƙungiyar a farkon 2001, mawaƙinta James Hetfield ya tafi jinyar shaye-shaye a shekarar, har ya zama furodusa Bob Rock ne ya kaɗa jitar bas kafin a ɗauki Robert Trujillo. Wanda ya kalli fim ɗin Some Kind of Monster na 2004 ya ga yadda suke cacar baki a gaban mai ba su shawara, kuma wannan ɓacin rai ne ake ji a muryar Hetfield. Duk da sukar, kundin ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na kundaye mafiya kasuwa a Amurka, waƙar da ke ɗauke da sunansa kuma ta ci lambar yabon waƙa ta Grammy.

Batun dandamali kuwa daban ne. A can ma ana gunaguni cewa Ulrich yakan yi gaggawa ko ya sauƙaƙa wasu bugun, amma jama'a suna zuwa ne don tsofaffin waƙoƙi irin su Creeping Death da One, waɗanda dubban mutane ke rerawa tare, ita ma ƙungiyar ba kasafai take saka waƙoƙin St. Anger a jerin abin da za ta kaɗa ba.