Na ci 243 a jarrabawar gwaji ta JAMB, zan samu medisin a ABU kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan SS3 ne a wata makarantar gwamnati nan Zariya, gidanmu a Tudun Wada yake. Na yi jarrabawar gwaji ta JAMB na samu 243, turanci 58, bayoloji 71, kemistiri 63, fizis 51. Burina tun ina ƙarami in karanta medisin a ABU. Wani yayana ya ce tunda ni ɗan jihar Kaduna ne kuma haihuwar Zariya ko 200 na ci za a ba ni, abokina kuma ya ce in ba ka da wani a sama ko 300 ka ci ba ka samu. Don Allah Malam wanne ne gaskiya, kuma me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi albarka. Da yayan naka da abokin naka duk ba su faɗi daidai ba, amma maganar yayanka ta fi haɗari, don ita ce za ta sa ka miƙe ƙafa ka yi barci alhali yanzu ne ya kamata ka ɗaure ɗamara.

243 maki ne mai kyau, kada kowa ya raina maka shi. A JAMB ta 2024 kashi 76 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta ba su kai 200 ba, waɗanda suka ci 300 zuwa sama kuwa mutum 8,401 ne kacal a duk faɗin Najeriya. To ka ga kana sama sosai in da jama'ar ƙasa gaba ɗaya za a gwada ka. Matsalar ita ce ba da su za a gwada ka ba, da waɗanda suka cike medisin a ABU za a jera ka, kuma a wannan layin ne masu 280 da 300 da 320 ɗin suke taruwa, daga Sakkwato har Maiduguri har Ilori, wasu karo na biyu ko na uku ke nan suna rubutawa sun haddace tsofaffin tambayoyi. Gurbin kuma ƙididdigagge ne, hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta iya horarwa gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin koyarwarta, don haka ko jami'a na son ta ƙara ba ta da ikon ta yi ta ɗiba yadda ta ga dama. Kamar bas ɗin Kaduna ne a tasha, in kujeru sun cika ko kwandasta ɗan unguwarku ne sai dai ya ba ka haƙuri. A gaskiya ta tsakani da Allah, 243 a layin medisin na ABU damarsa ƙarama ce ƙwarai.

Akwai abin da ke ruɗa yara da iyaye duk shekara, wato katof. Za ka ji an ce ABU ta sa 180, sai a ɗauka duk wanda ya haura 180 ya shiga. A'a. Wannan makin shi ke ba ka izinin sayen fom ɗin tantancewa na Post-UTME kawai, bayan nan kowane sashe zai jera masu nemansa daga mai maki mafi yawa ya yi ƙasa, inda gurbi ya ƙare nan katof na gaskiya yake, shi ya sa yake canzawa duk shekara, kuma shi ya sa duk wanda ya rantse maka cewa maki kaza ne katof ɗin medisin na bana tun kafin a yi jarrabawa, hasashe yake yi.

Sai maganar zama ɗan gida. Ƙa'idar gwamnatin tarayya ta raba gurbi gida uku ne a jami'o'inta: kashi 45 na cancanta zalla, ko daga ina ka fito, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, wanda ake ce wa kachimen, kashi 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin cigaban ilimin boko. Jihar Kaduna tana cikin yankin ABU, haka ne, yayanka bai yi ƙarya a nan ba. Abin da bai gaya maka ba shi ne ABU tun kafuwarta a 1962 jami'ar Arewa ce baki ɗaya, yankin nata ya game jihohin Arewa ne, wato ɗan Kano da ɗan Katsina da ɗan Neja da ɗan Kogi duk 'yan gida ne kamar kai. Ko a cikin rabon jihar Kaduna ma ai ba kai kaɗai ba ne, akwai yaran Barewa da Alhudahuda da Demonstration da makarantun kuɗi na cikin Kaduna da na Kafanchan, kuma a cikinsu ma mai maki sama ake fara ɗauka. Babu wani gurbi da aka ware wai na wanda ke jin kiran sallar masallacin Samaru, unguwar da ABU take, daga gidansu. Zama ɗan jihar zai iya cetonka in tazararka da layin cancanta 'yar kaɗan ce, amma ba zai ɗauko mai 200 ya kai shi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ba.

Shi kuma abokinka, ba zan ce maka ba a neman alfarma a ƙasar nan ba, in na ce haka kai ma ka san ba gaskiya na faɗa ba. Amma tun 2017 da JAMB ta kawo tsarin CAPS, duk admishan sai jami'a ta tura sunan ta wannan tsarin JAMB ta duba ta amince, kuma masu neman kowane kwas a jere suke da makinsu, tsallake mai maki sama ba tare da dalili ba ya yi wuya fiye da da. Duk shekara muna ganin 'ya'yan masu facin taya da masu sayar da ƙosai suna samun manyan kwasa-kwasai ba su san kowa ba. Abin da na fi ji maka tsoro ma ba rashin uba a gindin murhu ba ne, 'yan damfara ne, masu cewa a kawo dubu ɗari kaza za su sa sunanka a lis. Admishan ɗin da bai fito a CAPS ɗinka ba ba admishan ba ne, ko ka yi karatun ka gama sai ka sha wuya wajen zuwa bautar ƙasa.

Yanzu mu duba makin naka. Bayoloji 71 ya yi, amma fizis 51 da turanci 58 su ne suka ja ka ƙasa, kuma daɗin abin su ne wuraren da ake saurin ƙaro maki in an dage. Tambaya 180 ce a awa biyu, turanci 60, sauran ukun 40 kowanne, in ka lissafa sakan 40 ne kowace tambaya, kuma yawancin yaran da nake gani ba rashin sani ke kayar da su a fizis ba, sai su tsaya kan lissafi ɗaya minti huɗu suna gumi, kafin su farga lokaci ya tafi sun bar tambaya goma masu sauƙi ba su ko karanta ba. Ka nemi tsofaffin tambayoyi ka riƙa yi da agogo a gabanka, a kwamfuta in da hali ko sau ɗaya a sati, don hannunka ya saba. Littafin da JAMB ta sa a turanci ka karanta shi da kanka, kar ka dogara da taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp, maki ne na ɓagas. Ka sa wa ranka 290 zuwa sama, ba don shi ne katof ba, don daga nan ne hankali ke fara kwanciya.

Kuma kar JAMB ta ɗauke maka hankali daga WAEC da NECO. Kiredit biyar ake nema, turanci, lissafi, fizis, kemistiri, bayoloji, ka yi ƙoƙari ka haɗa su a zama ɗaya. Da sakamako ya fito ka je santar CBT, wato cibiyar jarrabawa da kwamfuta, da JAMB ta amince da ita a ɗora maka shi, ka tsaya ka gani da idonka ya hau, don yara da yawa masu maki mai kyau sun rasa shekara guda saboda shafinsu na nuna suna jiran sakamako. Sunanka da ranar haihuwarka su zo ɗaya a NIN da JAMB da WAEC, in a nan Abubakar ne a can kuma Habu, tun yanzu a gyara. ABU kuma zaɓi na farko za ka sa ta.

In sakamakon gaske ya fito ka ga kana nan wajen 240 zuwa 250, shawarata ka zauna da mahaifinka ku yi magana kafin a rufe canjin kwas. Akwai anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri da likitancin dabbobi, famasi da nasin kuwa su ma layinsu da zafi, kar ka ɗauka mafaka ce. Amma kar ka shiga anatomi da niyyar wai a aji biyu za ka tsallaka medisin, wannan ƙofar ƙunci gare ta sosai, ka zaɓi abin da za ka iya zama a cikinsa shekara huɗu ko fiye ba ka ƙi jininsa ba. In kuwa zuciyarka ta kafe sai likitan mutane, to jami'ar jihar Kaduna (KASU) da Bayero ta Kano (BUK) da Danfodiyo ta Sakkwato duk suna koyar da shi, sannan akwai hanyar IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, wadda ita ABU ɗin ce ma ke kula da jarrabawarta, ana shiga aji biyu kai tsaye da ita, sai dai gurbin medisin ta nan ma kaɗan ne kuma sai mai sakamako na ƙin ƙarawa. Sake rubuta JAMB baɗi ma ba abin kunya ba ne a shekarunka, in dai shekarar karatu za a yi da ita ba zaman majalisa ba.

In sakamakon ya fito ka aiko min da makin kowane darasi daban, da abin da ka samu a WAEC in ya riga ya fito, sai mu duba canjin kwas ya kama ka ko a'a.