Nasarar farkon kaka za ta sa Tottenham ta doke Arsenal?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko fara kaka da ƙafar dama ya isa a ce Tottenham za ta doke Arsenal. Bai isa ba.

Tuna kakar 2023/24. Tottenham ƙarƙashin koci Postecoglou ta buga wasa 10 na farko a gasar Firimiya ba a doke ta ba, maki 26, tana saman tebur. A tsakiyar wannan tashen ta je Emirates, filin Arsenal, aka tashi 2-2. Sai Chelsea ta lallasa ta 4-1 a Nuwamba: 'yan wasan Tottenham Romero da Udogie suka samu jan kati, Van de Ven ya dafe bayan cinya ya fita, Maddison ma ya ji rauni. Ta ƙare kakar a matsayi na 5. Har yau daren nan yana taɓa min zuciya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne kallon maki kawai. Duba su wa aka doke, a gida ko a waje, sannan wa ke benci idan mai tsaron baya ya ji rauni.

Batun rauni kuma, kada ka bi jita-jitar Facebook. Jira bayanin koci kafin wasa, shi likitocin ƙungiya ke ba rahoto.