Hukuncin rage wa yaro shekaru don a biya masa kuɗin abincin yara a wurin shaƙatawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mazaunin Amurka ne, ina da 'ya'ya uku. Mun daɗe muna tara kuɗi don mu kai su Walt Disney World da ke Orlando, a jihar Florida, idan an yi hutun makaranta. Da na zo kama mana tebur a ɗaya daga cikin gidajen cin abincinsu, irin wanda ake biyan kuɗi sau ɗaya kowa ya ɗebi abin da zai ci da kansa, sai na tarar ƙa'idarsu ita ce: ƙasa da shekara 3 kyauta, daga 3 zuwa 9 kuɗin yara, wanda ya cika 10 kuwa kuɗin babba. Babbar 'yata ta cika 10 wata biyu da suka wuce. Ƙaramin jiki gare ta, kowa ya gan ta sai ya ce ba ta wuce 8 ba, kuma ba ta da ci. Ƙanenta mai shekara 7 ya fi ta ci nesa ba kusa ba. Bambancin kuɗin ya kai dala 20 a zama ɗaya, ga shi kwana biyar za mu yi. Wani abokina ya ce in rubuta 9 kawai, ba sa neman takardar haihuwa, kuma kamfani ne na waɗanda ba Musulmi ba, mai dukiyar da ba zai ma san an yi ba. Ya ƙara da cewa a Shari'a yarinyar ba ta balaga ba, don haka su ne suka yi zalunci da suka kira ta babba. Zuciyata dai ba ta kwanta ba. Mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, bai halatta ka rubuta 9 ba alhali ka san ta cika 10. Laifi biyu ne a cikin abin: ƙarya, da riƙe kuɗin da ba naka ba. Rashin kwanciyar zuciyar da ka ambata kuma kada ka raina shi, domin Annabi (SAW) ya ce wa Nawwas ɗan Sam'an, a hadisin da Muslim ya ruwaito, zunubi shi ne abin da ya sosu a ƙirjinka kuma ka ƙi mutane su gano shi.

Tushen mas'alar yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 29, inda Allah ya hana mu cin dukiyoyin juna da ɓarna sai dai ta hanyar ciniki da aka yi bisa yarda. Yarda ita ce ran ciniki. Mai abincin nan bai yarda ya sayar wa kowa da ƙaramin farashi ba, ya yarda ne ga mai siffa guda, wato wanda bai cika 10 ba. Idan ka ba shi labarin ƙarya ya sayar maka a kansa, yardar da ka samu ba a kan 'yarka aka yi ta ba, an yi ta ne a kan wata yarinya 'yar shekara 9 da babu ita. Dala 20 ɗin nan tana nan a wuyanka bashi, ko da rasit ya nuna an biya. Kuma babu bambanci tsakanin ka faɗa da baki da ka danna lamba a manhajar waya, domin a wurin malaman fiƙihu rubutu yana tsayawa matsayin magana.

Cewa ba sa neman takardar haihuwa ba ya sauƙaƙa abin, ƙara masa nauyi yake yi. Sun bar wa iyaye amana ne. Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da hatsi, ya cusa hannunsa cikin tsibin, yatsunsa suka ji danshi. Mutumin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Masu sayen hatsin nan ba su tona tsibin ba, amma rashin tonawarsu bai wanke mai hatsin ba. Algus kuwa kamar yadda mai sayarwa yake yinsa, haka mai saye yake yinsa.

Sai maganar da ta fi buƙatar a tsaya a kanta, wato ko yanke iyaka a shekara 10 zalunci ne.

Ka fara duba irin cinikin da ake yi a gidan abinci na ɗebi da kanka. Mai gida bai san yawan abin da za ka ci ba, kai ma ba ka sani ba. A zahiri akwai jahilci a cikin abin sayarwa, amma malamai sun yafe irinsa tun da daɗewa. Imam Nawawi ya kawo ijma'i a kan halaccin shiga gidan wanka da kuɗi sananne duk da mutane sun bambanta wajen yawan ruwan da suke zubarwa da daɗewar da suke yi, haka kuma shan ruwa daga salka da kuɗi duk da wani ya fi wani sha. Da yawa daga malaman wannan zamani a kan wannan suka gina halaccin abincin ɗebi da kanka. To irin wannan ciniki ba ya tsayuwa sai da ma'auni da kowa zai iya gani. Ba za a auna cikin kowane yaro a bakin ƙofa ba, ba za a bi shi ana ƙirga loma ba. Dole a ja layi a wani wuri, kuma duk inda aka ja shi sai an sami wanda ya tsallaka da kwana ɗaya.

Jan layi da shekaru ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abdullahi ɗan Umar ya ce an gabatar da shi ga Annabi (SAW) ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 bai ba shi izinin fita ba, aka sake gabatar da shi ranar Khandaƙ yana ɗan 15 ya ba shi izini. Da Nafi'u, almajirin Abdullahi ɗan Umar, ya ba halifa Umar ɗan Abdul'aziz wannan labari, sai halifan ya ce wannan ita ce iyaka tsakanin yaro da babba, ya rubuta wa gwamnoninsa su yanka wa wanda ya kai 15 rabonsa daga baitulmali. Bukhari ya kawo shi. Babu shakka a cikin 'yan 14 akwai ƙarfafa, a cikin 'yan 15 akwai raunana, amma an bi lamba saboda ita ce ke kashe gardama.

Ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: ɗanka mai shekara 7 ya fi yayarsa ci, kuma kuɗin yara za a karɓa a kansa. Ma'aunin da ya danne ka a kan ɗaya shi ne ya ɗaga ka a kan ɗayan. Ba daidai ba ne mutum ya karɓi ƙa'ida inda ta ba shi riba, ya zame mata inda ta ci shi.

Batun balaga kuwa abokinka ya haɗa abin da bai haɗu ba. Balaga iyaka ce ta hawan hukunci a kan mutum, sallah da azumi da sauransu. Kalmar babba a takardar gidan abinci sunan farashi ne kawai. Da za a bi maganarsa, a mashhurin mazhabar Malikiyya wanda alamomin balaga ba su bayyana masa ba sai ya cika 18 ake ƙirga shi baligi, kenan saurayi ɗan 17 mai share faranti uku zai nemi kuɗin yara. Babu mai hankalin da zai ce haka. Su kansu 'yan kasuwa ba iyaka ɗaya suke bi ba. A Disneyland ta Faransa kuɗin yara na tikitin shiga yana kaiwa har shekara 11. Kamfanonin jiragen sama galibi suna ɗaukar wanda bai kai 2 ba a matsayin jariri, wanda ya cika 12 kuma babba. Kowa da lissafinsa a kan hajarsa, kuma Shari'a ta bar wa mai kaya ya sa wa kayansa kuɗi. Lokacin da farashi ya tashi a Madina aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade shi, bai yi ba. Malaman da suka ba hukuma damar ƙayyade farashi sun yi maganar ne a kan abin da jama'a ba sa iya rayuwa sai da shi, idan 'yan kasuwa suka ƙuntata musu. Cin abinci a wurin shaƙatawa ba ya cikin wannan babi.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina ganin biyan kuɗin babba a kan yarinya 'yar 10 da za ta ɗan tsakuri abinci ta ture faranti abu ne mai ciwo ga uban da ya daɗe yana tari. Amma wanda farashi bai yi masa ba, haƙƙinsa shi ne ya nemi ragi ko ya fasa saye. Ba shi da haƙƙin ya yanka wa kansa farashi a ɓoye.

Abin da ya fi tayar min da hankali a maganar abokinka shi ne cewa dukiyar ta waɗanda ba Musulmi ba ce. Wannan ita ce ainihin maganar da Allah ya zargi wasu daga cikin Ma'abota Littafi da ita a Suratu Ali Imrana, aya ta 75: mutanen da in ka ba su amanar dinari ɗaya ba za su mayar ba sai ka tsaya a kansu, saboda sun ce babu laifi a kansu game da waɗanda ba nasu ba. Allah ya kira wannan ƙarya da suke jingina masa. An ruwaito cewa wani ya gaya wa Ibn Abbas suna ɗaukar kaza ko akuya daga dukiyar kafiran amana idan sun fita yaƙi, suna ganin ba komai, sai Ibn Abbas ya karanta masa wannan aya. Mugira ɗan Shu'uba kafin ya musulunta ya yi tafiya da wasu mutane, ya yaudare su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo ya musulunta. Annabi (SAW) ya karɓi Musuluncinsa, ya ce dukiyar kuwa ba ruwansa da ita. Kai da ka shiga ƙasarsu da takardun izini, kana zaune cikin aminci, tsakaninka da su alkawari ne, kuma Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe. Yawan dukiyar mai haƙƙi ma ba ya halatta ta. Wanda ya ɗebi mudu ɗaya daga rumbun attajiri ya ɗebi abin da ba nasa ba ne, ko da mai rumbun bai taɓa lura ba.

Sannan ka tuna yarinyar tana tsaye a gefenka. A irin wuraren nan ma'aikata sukan durƙusa su yi wa yaro fara'a, su tambaye shi sunansa da shekarunsa. Yarinya 'yar 10 ta san shekarunta sarai, wataƙila ma tana alfahari da cikarsu. Domin dabarar ta yi aiki sai kun zaunar da ita a masauki kun ce mata in an tambaye ki ki ce 9. Za ta ɗaga kai ta kalle ka, sannan ta faɗa. Abdullahi ɗan Amir ya ce wata rana yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi, Annabi (SAW) yana zaune a gidansu, ta ce zo in ba ka wani abu. Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ki ba shi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Abu Dawud ya ruwaito. Wannan fa yi wa yaro ƙarya ne, ina ga sa shi ya yi ta da bakinsa? Mu da muka san yadda rage shekaru ya zama ruwan dare a takardun neman aiki da na makaranta a gida, bai kamata mu ɗauki wannan ɗabi'a mu ƙetara teku da ita mu damƙa wa 'ya'yanmu ba.

Wani zai ce to in yi tauriyya mana, wato magana mai fuska biyu, in ce shekararta tara da 'yan watanni, ina nufin wata goma sha huɗu. Tauriyya malamai sun ba da ita ga wanda ake son a zalunta, ba ga wanda zai kashe haƙƙin wani da ita ba. Haka idan ma'aikaci ya kalli jikinta ya rubuta kuɗin yara bai tambaye ka ba, kai kuma ka gani a rasit, wajibi ne ka gaya masa, kamar wanda aka ba canji ya wuce. Idan kuma mai kawo abinci ya raɗa maka cewa bari kawai ya sa ta a yara, ka tambaye shi ko yana da izinin yin haka. Shi wakili ne, ba mai dukiya ba. In an ba shi wannan dama, ka karɓa, halal ne. In kuwa rufa-rufa ce zai yi a bayan idon masu wurin, kada ka sa hannu.

Hanyoyin halal suna da yawa. Ka rubuta shekarunta na gaskiya, in kun isa ka nemi manaja ka gaya masa ta cika 10 amma ba ta da ci, ko akwai sassaucin da za su yi. Duk abin da ya rage maka bayan ya san gaskiya kyauta ce, ka ci da daɗin rai. In ya ce babu, ba ka yi asarar komai ba. Ko ku bar gidajen ɗebi da kanka ku tafi inda ake biyan kuɗin abin da aka saya kaɗai, ta raba faranti da mahaifiyarta, ko ka tambaya ko za su sayar mata daga abincin yara bayan ka faɗi shekarunta. Wurin shaƙatawar yana barin baƙi su shiga da abincinsu da abin sha marar giya, in dai ba a cikin kwalba ba, don haka guzuri daga masauki zai rage maka kuɗi sosai, ya kuma hutar da kai binciken naman alade da giyar da ake sakawa a wasu girke-girke, wanda dole ne ka yi shi a duk inda za ku ci. In yaran sun ƙwallafa rai a kan wancan gidan abinci, ku je sau ɗaya ka biya cikakke, sauran kwanakin ku yi da guzuri.

Hukuncin nan bai tsaya a kan abinci ba. Haka yake a tikitin shiga, haka yake ga wanda ɗansa ya cika 3 ya ce 2 ne don ya shige kyauta. Wanda ranar haihuwar ɗansa ta faɗo a tsakiyar tafiya, ya faɗa musu ranar yadda take, abin da suka yanke shi ne.

Wanda ya riga ya aikata, ya tuba, ya lissafa bambancin kuɗin ya mayar wa masu shi, ko da ta hanyar tuntuɓar ofishinsu ne. In sun ce sun yafe, ya kuɓuta. In ya yi iya ƙoƙarinsa bai sami hanyar isar da kuɗin ba, ya fitar da su ya ba mabuƙata da niyyar sauke nauyi, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. In kuma ya sa yaro ya faɗi ƙaryar, ya kira shi ya gaya masa abin da suka yi kuskure ne kuma an mayar da kuɗin.

Wallahu a'alamu.