Tambayoyi da Amsoshi: Kalsiyam da Hawan Jinin Masu Ciki

Tambaya: Likita, kalsiyam nawa mai ciki za ta sha a rana?

Amsa: Ga matan da ba sa samun isasshensa a abinci, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giram 1.5 zuwa 2, a raba gida uku, a sha da abinci. Ki duba kwali: ƙwayar kalsiyam kabonet mai miligiram 1,250, ainihin kalsiyam ɗin cikinta 500 ne kacal. Ki bari a wurin awo a tsayar miki da adadin.

Tambaya: Zan iya haɗa shi da maganin ƙarin jini?

Amsa: A'a, kalsiyam yana hana hanji tsotse maganin ƙarin jinin. Ki sa aƙalla awa biyu tsakani.

Tambaya: An ce kalsiyam yana taurara kan jariri?

Amsa: Ba gaskiya ba ne.

Tambaya: Cikina wata bakwai, an auna jinina 150/100, fuskata na kumbura. Na ajiye maganin asibiti, na koma kalsiyam da jiƙon ganye. Ya wadatar?

Amsa: Baiwar Allah, ki tafi asibiti yau, kada ki kwana. Kalsiyam rigakafi ne, yana rage haɗarin kamuwa. Idan jini ya riga ya hau, ba ya sauke shi. Jiƙon kuwa, wa ya auna abin da ke cikinsa? Ƙodarki na wahala, kina ƙara mata kaya!

Ciwon hawan jinin masu ciki daga mabiyiya yake tasowa bayan ciki ya kai mako 20. Jijiyoyin jini su matse, jini ya kai 140/90 ko fiye, furotin ya riƙa fita a fitsari, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu. Mace na iya jin garau alhali ciwon na cin ta, shi ya sa nake nanata awo.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko awo ya kai 160/110: jijjiga na kusa, asibiti nan take. Idan ta kama mace, a kwantar da ita a gefe ɗaya. Kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata komai, zai iya zarcewa huhu. Allurar magniziyam salfet ke tsayar da jijjigar, a asibiti take. Bayan kin haihu ma, ki ci gaba da auna jini har mako shida.